Rigar da na ɗinka wa 'yan fim

Assalamu alaikum 'yan uwa, Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni tela ne a Tandabawi, shekarata ashirin a Makka, iƙamata, wato takardar zamana, tana hannun surukina, mahaifin matata. Ƙanin matata haifaffen nan ne, yana zana littattafan hotuna na wani jarumi da aljanu ke yi wa aiki, bara shi da abokansa suka ce za su mai da shi fim su sa a intanet. Ya kawo min baƙin yadi da wata tsohuwar takarda mai layuka da haruffa, ya ce in yi aikin zare irinta a ƙirjin rigar jarumin. Lokacin ban iya karatu ba, na kwaikwaya kamar yadda nake kwaikwayon fure.

Har Jidda na bi su. Na ga yadda ake ɗaga mutum da igiya gaban koren ƙyalle, wutar hannunsa a kwamfuta ake sawa, muryar aljanin ma kukan raƙumi ne suka ja shi. Na yi dariya sosai ranar, suna ta ɗaukata ina gyara rigar.

To wata takwas ke nan ina zuwa ajin manya da wani ɗalibi ɗan Sakkwato yake yi mana a unguwar Kudai. Makon jiya aka dawo min da rigar ta yage a kafaɗa, na shimfiɗa ta, sai na ga ina iya haɗa haruffan. Ba aya ba ce, sunaye ne ake kira. Na kwafi layi ɗaya na nuna wa malaminmu, ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni inda na samu, ya ce kada in sake nuna wa kowa, a ƙasar nan sihiri kan mutum yake ci.

Na kira ƙanin matata, ya ce cikin layar kakansu ya ciro takardar. "Yaya, ma fi mushkila, ba matsala, ado ne kawai." Na tambaye shi labarin wanda ya sa rigar a fim ɗin, ya ce ya daina zuwa aiki, ba ya cin abinci, mahaifiyarsa tana neman mai ruƙiyya. Shi dai ƙanin matata ya ce gajiya ce.

Ranar Juma'a za su saki bidiyon yadda aka haɗa fim ɗin, fuskata tana ciki, allura a hannuna kan rubutun. Na roƙe shi ya cire, ya ƙi. In na kai maganar gun surukina, takardar mahaifinsa ce, ban san yadda zai ɗauke ni ba, kuma zamana a nan yana hannunsa. In na ƙona rigar, bidiyon yana nan. Matata ba ta sani ba tukuna.

Rigar tana cikin leda ƙarƙashin kekena, gobe bayan la'asar ƙanin matata zai zo karɓa. In ba shi, ko in fara zuwa gun mahaifinsa da ita?