Garin da Ba Ya Ganuwa Sai a Kwana Arba'in

Zuwa ga 'Yar Inna, a garin Nim na ƙasar Faransa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina neman afuwarki da na dame ki da wannan takarda, a lokacin da na san ba ki son magana da kowa. Ina kuma ba masu karatu a wannan zaure haƙuri, da na shimfiɗa zancen cikin gida a gabansu. Ba halina ba ne. Na yi ta kiran waya, sai muryar Baturiyar nan mai cewa a bar saƙo. In an ɗauka, maigidanki ne, ya ce kin kwanta, ni kuwa ba ni iya tsare suruki da tambaya. An ce mini kina leƙa wannan shafi na 'yan Damagaram a intanet. Shi ya sa.

Ke ce 'yar farina. Tun ranar da aka yanka miki rago ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa ɗaukar ki a gaban mutane ba. Da aka yaye ki, Inna mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta goya ki zuwa ɗakinta, kika tashi kina ce mata uwa, kina ce mini Yaya. Haka aka yi wa kowace 'yar fari a gidanmu. Na biyo baban ƙannenki zuwa Amirka, ke kika ci jarabawar lakwal, ta boko, kika wuce Faransa, kika yi aure can. Abin da ya rage tsakaninmu shi ne katin waya da ranar Lahadi, azahar ɗina, magaribarki.

Da mukan gaisa ne kawai. Ya sanyi, ya aiki, ya yara, a gai da maigidan. Sai cikin bazarar da ta wuce kika soma yi mini tallar garinku.

Kika ce, "Yaya, kowa Pari yake zuwa, ba su san abin da suka bari a nan kudu ba." Kika ce akwai wani fili a tsakiyar gari, kewaye da katanga hawa biyu, duk ƙofofi masu baka, Rumawa ne suka gina shi kusan shekara dubu biyu, har yau ana taruwa a ciki. Kika ce, "Rumawan nan dai da kike karantawa a allo, Yaya, ga aikin hannunsu."

Wata Lahadin, ɗakin bautarsu kika kawo, mai ginshiƙai farare, wanda kika ce ko ɓaraka bai yi ba. Wata kuma lambun da ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, da hasumiyar da ke bisa tudu, inda ake hango garin gaba ɗaya. Kika daɗe a kan gadar nan ta bayan gari, hawa uku, wadda aka ɗora dutse bisa dutse ba siminti, don kawai a jawo wa mutane ruwan sha daga nesa. Kika ce in na zo zan ga itacen zaitun da na ɓaure da idona, ni da na girma ina biya su a sura. Har dariya kika ba ni da zancen kada, wai tambarin garin kada ne ɗaure a gindin dabino, yana nan ko a bisa ƙusoshin da aka kafa a titi. Kika ce yadin jins ɗin da ake saƙawa a nan Greensboro ma, a garinku aka raɗa masa suna, don haka zumunci ne zan kai.

Kowace hira kuma da abin da kike rufe ta da shi. "Ki zo bayan ƙaramar Sallah, zafi ya sauka. Amma ki nemi hutu mai tsawo, garin ba ya ganuwa sai an yi kwana arba'in." Na ce wane irin gari ne wannan, ko Makka da Madina ba a daɗe haka. Sai kika ce in taho miki da jar kanwa da gero, can ba a samun masu kyau.

Na je shagon 'yan Afirka na zaɓo kanwar da hannuna. Na naɗe ta a leda biyu, na kai gidan waya na aika miki. Har na ji daɗi a raina, na ce na hutar da ke jira.

Zancen zuwa kuwa, kin tuna amsar da na ba ki. Na ce malaminmu na allo ya hore mu cewa kufan mutanen da suka shuɗe ba wurin yawon buɗe ido ba ne, in hanya ta bi da mutum ya wuce da sauri yana istigfari. Na ce ga gumaka, ga shanun da kika ce ana wasa da ransu a filin nan. Na ce ki rage shiga irin wuraren. Kika ce, "To, Yaya." Tun daga ranar ba ki sake ambatar dutse ko ɗaya ba.

Washegarin Layya muka je suna a McLeansville, gidan wasu 'yan Maraɗi. Ina zaune ina taya yankan albasa, sai Hajiya Mariyama, ƙanwar kakar maigidanki, ta zo ta durƙusa kusa da ni ta kama hannuna. Ta ce, "Hajiya, ya haƙurin jikanki? Allah Ya sa mai ceto ne." Na amsa da amin. Na ci gaba da yankan albasar, don kada ta gane ban sani ba. A bakinta, tana ba wata labari, na tsinci sauran. Namiji ne. Kin haihu bayan ƙaramar Sallah, ke kaɗai a likita, maigidanki yana kan hanya da babbar mota. Yaron bai kai ranar suna ba.

A hanyar komawa gida ƙannenki suna ta surutunsu da Turanci a bayan mota, ni ina ƙirga watanni da yatsu a ƙarƙashin mayafi. Bazara. Ƙaramar Sallah. Kanwa da gero. Arba'in. Ko yarinyar da aka kai ɗaki jiya ta san abin da ake yi da kanwa da gero kwana arba'in. Ni da na yi wankan jego biyar, Inna tana tsaye kaina da ganyen bedi tana fyaɗa mini ruwan zafi, tana dama mini kunun kanwa da safe, ni ce ban ji ba.

Ba ki iya ce wa uwarki kina da ciki. Na sani, ni ma ban ce wa Inna ba, ita ta gani a idona ta aiko a ɗauke ni. Amma Inna tana ganin idona. Ni muryarki kawai nake da ita, da kati mai ƙarewa. Kin yi iyakar abin da kunya ta bar miki, kin tara mini duwatsun garin nan kaf a gabana ko zan tako. Ni kuma na riƙe tawa kunyar, ban tambaya ba. Ban san wa zan kai ƙara ba. Kowaccenmu ladabi ta yi.

Har yanzu ina wanki a otal ɗin nan na titin Wendover. Wuni nake cikin tururi, ina ninke zannuwan gadon mutanen da ban san fuskarsu ba. Ruwan zafi a nan ba ya ƙarewa, murɗa famfo ne. Sai in tsaya ina kallonsa ina tambayar kaina, wa ya dafa miki? Wa ya gasa miki jiki, ya ɗaure miki ciki? Wa ya zauna da ke ranar da nono ya kawo, babu mai sha? Kanwar da na aiko, ke kika jiƙa ta da kanki, ko tana nan cikin ledarta?

Arba'in ta wuce, na san ba a rama ta. Ba azumi ba ce. Ban ma san sunan da aka yi masa huɗuba da shi ba, in na tashi addu'a sai in ce yaron nan.

Na tambaya game da biza. An ce ba za a ba ni ba sai da takardar masauki daga ma'aikatar magajin garinku, kuma mai gidan da za a sauka ne kaɗai ke neman ta. Fasfo yana hannu, shugabar wurin aikinmu ta yarda da hutu. Saura ke. In ba ki buɗe ba, ba ni da wata ƙofa.

Na koma na biya surar Rumawa a hankali, na ga ashe an ce a yi tafiya a duba abin da na farko suka bari. Malam rabi ya gaya mana, ko ni ce rabi na riƙe. To, ina son in ga filin. Ina son in ga gadar da ba siminti, in taɓa zaitun, in taka kadan nan na titi. In kin ce mu hau hasumiya, zan hau, ko da gwiwa na ciwo. In kuma ba ki son ganina a ɗakinki, ki ajiye ni a bakin ƙofa, na saba zaman tabarma.

Kin ga, ga ni nan ina yin irin taki, ina jero duwatsu. Bari in bari. Ba don Rumawa zan zo ba. Ina son ki kai ni inda aka kwantar da shi, in ɗaga hannu. Ina son in dafa ruwa in yi miki wanka, ko da lokacinsa ya wuce, in dama miki kunu in zauna har ki shanye.

Ban sani ba ko za ki karanta. Watakila kin riga kin rufe wannan babi, kin ce dama Inna ce uwarki, ita kuma ta tafi. In haka ne, ba ki yi ƙarya ba.

Allah Ya jiƙan yaron nan, Ya sa yana hannun Annabi Ibrahim. Allah Ya mayar miki da ƙarfin jikinki, Ya sanyaya miki zuciya, Ya ba ki masu albarka a bayansa. Allah Ya yi wa maigidanki sakayya. Allah kada Ya ɗauki raina ban ga fuskarki ba.

Fassuma.

Na rubuta shi, ga shi nan kowa yana gani. Hannuna bai saba ba, sai da na goge sau ɗaya. Fassuma, 'yata, don Allah ki amsa mini da wuri, ko kalma ɗaya ce.

Uwarki,
Habsu
Glenwood, Greensboro