Sabuwar Na'urar Gem Ta Shiga Tsakanina da 'Yata

Abla Surayya, don girman Allah ki taimake ni, kuma kar ki yi dariya sai kin kai ƙarshe. Na san a filinki na jarida maganar gado ake kawowa, da ciwo, da mutuwar aure. Ga ni ƙato da ni, gemu ya fara furfura, na zo miki da maganar gem, wasan nan na na'ura da ake jonawa da talabijin. To wallahi gem ɗin nan yana neman raba ni da 'yata, kuma ita kaɗai Allah ya ba ni.

Ni mai aski ne a Muharram Bek, nan Iskandariyya. Sunayen da zan ambata duk na canza su, don matan unguwarmu ba sa wuce shafinki. 'Yata Jumana shekararta goma sha biyar. Mun rabu da mahaifiyarta Nirmin tun tana firamare, ba duka ba zagi, zaman ne kawai ya ƙi. Bara waccan Nirmin ta auri wani injiniya mai suna Wa'il, suka tafi Kuwait da yarinyar. Da hannuna na sa hannu a takardar tafiyarta, babu wanda ya tilasta ni. Na ce karatun can ya fi. Da na dawo daga filin jirgi ban iya buɗe shago ba.

Abla, a shago bakina ba ya hutawa. Daga tsadar tumatir har alƙalin wasa babu wanda nake ƙyalewa, wani ma don surutun yake zuwa ba don askin ba. Amma in na kira Jumana a waya sai in zama bebe. "Ya karatu?" "Lafiya lau." "Kin ci abinci?" "Na ci." Shi ke nan, sai mu yi ta jin numfashin juna har ɗaya ya ce ana kiransa.

Abin da ya cece mu shi ne gem ɗin ƙwallo. Ni ɗan zamanin na'urar gem ta farko ne, wadda in ta ƙi karanta faifai sai mu kifa ta a kan tebur mu yi ta salati. Da ni aka yi ta biyu da ta uku, sannan na tsaya a ta huɗu. A cinyata Jumana ta koyi riƙe hannun gem, tun yatsunta ba sa kai wa maɓallan baya. Da za ta tafi na samo mata irin tawa sak, ta huɗu, na sa a akwatinta tsakanin kayan sanyi. Daga nan duk Juma'a bayan la'asar nakan ja ƙofar shago, ko da mutum ya zauna da tawul a wuya sai dai ya yi haƙuri, in hau sama in kunna. Ita ma ta kunna daga can. Mu sa abin kunne mu fara bugawa.

A nan ne yarinyar nan take magana! Ido na kan ƙwallo, baki na zuba. A nan na ji labarin malamar lissafi da ba ta sonta. A nan na ji cewa 'yan ajinsu suna kwaikwayon yadda take magana, suna ce mata "'yar masu kifi". A nan ta ce min tana kewar soyayyen kifin kakarta da warin teku. In na zura mata ƙwallo ta ce, "Kai Baba, sa'a ce kawai, tsoho da kai!" Ni kuma in ce, "Je ki wanke hannu ki dawo, Juju." Wannan awa ɗayan nake ci har mako ya zagayo.

Ana nan, wata Juma'a hannuna ya yi kyau na ba ta biyar da nema. Kin san ƙa'idar, ko ki tambayi kowane namiji a garin nan: wanda aka ci biyar ba ko ɗaya, sai an kai shi gaban jama'a. Haka muka taso a gidajen gem. Ni kaina abokina Sha'aban ya taɓa sa ni na tsaya a bakin shagona na nemi afuwar ƙwallon ƙafa da babbar murya, masu shayi suna tafi. Don haka na ɗauki hoton sakamakon na ɗora a shafinta na zumunta, na rubuta cewa muna jiran takardar neman afuwa daga Kuwait. Abokaina suka yi caa. Sha'aban ya rubuta, "Kaftin Juju, na'urar sanyaya ɗakin Kuwait ce ta daskarar miki da yatsu?" Wani ya ce a mayar da ita kicin. An sha dariya, ita ma ta sa alamar dariya guda ɗaya. Ban kawo wannan don komai ba sai don ki ga irin shaƙuwar da ke tsakaninmu.

Ba a daɗe ba ranar haihuwarta ta zo, Injiniya ya saya mata sabuwar na'ura, ta biyar, suka kyautar da tsohuwar. Juma'a ta zo na kunna, na tura mata gayyata, ta ƙi shiga. Na sake turawa. Sai ga saƙonta: "Baba, tawa da taka ba sa haɗuwa yanzu. Na gwada ya ƙi." Gem ɗaya ne fa, suna ɗaya, hoton ɗan wasan da ke bayan kwalin ma ɗaya! Na kashe na kunna, na zagi kamfanin intanet, na zagi mai wayar gidanmu, duk a banza. Tun daga ranar muka koma "ya karatu, lafiya lau".

Rannan ina tsakar gyara wa wani saje sai ga kiran Wa'il. "Ya Basha," in ji shi, wato ranka ya daɗe, da muryar nan tasa mai sanyi kamar ta likita, "akwai abokin aikina da zai zo hutu, bari in ba shi na'ura irin ta Jumana ya kawo maka." Na ce masa, "Ya Injiniya, ka ji da gadojin da kake ginawa. Tsakanina da 'yata ba na bukatar ɗan kwangila." Na kashe. Mutumin da ya ɗauke min yarinya, ya canza mata na'ura don ya yanke ni, shi ne kuma zai yi min sadaka?

Na yanke shawarar in sayar da tawa in yi ciko in sayi sabuwa da gumina. Na je wurin Usta Ramzi mai gyaran na'urori a Manshiyya, na ba shi labari. Ya ajiye sukundireba ya ce, "To me ya kai ka sayarwa?" Ya yi min bayani cewa gem ɗin zubi biyu ake yin sa, ɗaya na tsohuwar na'ura, ɗaya na sabuwa, kuma masu zubin sabuwa junansu kawai suke bugawa da su. Tsohuwa ba ta iya ɗaukar zubin sabuwa, ƙarfinta bai kai ba. Amma sabuwa tana ɗaukar na tsohuwa lafiya lau. "Ta sauke zubin irin naka kawai," in ji shi, "ku ci gaba da wasanku. Wannan ai ko ɗan firamare ya sani."

Abla, ban san yadda na fito daga shagon nan ba. Na bi bakin teku da na'ura a hammata har unguwar Bahari ban sani ba. Ko ɗan firamare ya sani. Jumana kuwa ita ke gyara wa uwarta waya tun tana 'yar mitsitsiya. Ke nan ta sani. Ke nan duk Juma'o'in nan da nake rufe shago in zauna ina kallon sunanta yana haske a talabijin, tana nan tana buga wasa da wasu, hanya a buɗe take, ita ce ba ta so. Raina ya ɓaci, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba.

Yanzu me zan yi? In kira ta in ce na gano ƙarya take min? In kira uwarta in ce ta ja wa mijinta kunne? Ko in sayi sabuwar in yi kamar ban san komai ba, in ga wane uzuri kuma za ta kawo? Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni tsoro, don in na saya ta sake cewa ya ƙi, ban san inda zan sa kaina ba.

Uban Juju, daga Muharram Bek

*

Ya Uban Juju, ban yi dariya ba, ko kaɗan. Uban da ke rufe shago ranar ciniki don ya ji muryar 'yarsa ba abin dariya ba ne.

Na tambayi waɗanda suka san harkar, sun ce Usta Ramzi ya yi gaskiya. Jumana ma abin da ta faɗa gaskiya ne, sai dai rabi: zubin da ke kan na'urarta ba ya haɗuwa da naka. Mai yiwuwa ne a makon farko ba ta san sauran rabin ba. Amma ba zan yaudare ka ba, ni ma ina jin zuwa yanzu ta sani. Don haka tambayar da ta kamace ka ita ce, me ya sa yarinyar da ke ba ka labarin zuciyarta duk mako ta samu ƙofa ta fita, ta kuma yi shiru?

Amsar tana cikin wasiƙarka, ka rubuta ta da hannunka ka wuce. Ƙa'idar biyar da nema ta maza ce masu shekara arba'in, waɗanda za su yi wa juna tsiya yau, gobe su sha shayi a benci ɗaya. A wurinku ƙauna ce, na yarda. Amma a shafin wa ka ɗora hoton? A shafin yarinya 'yar shekara sha biyar, baƙuwa a makaranta, wadda ta riga ta gaya maka a kunne cewa ana yi mata dariya. 'Yan ajin nan suna ganin shafinta. Sun wayi gari sun ga ƙattin unguwarku sun taru a kanta, wani yana cewa a mayar da ita kicin, mahaifinta kuma shi ne a gaba. Alamar dariyar da ta sa, ladabi ne irin na 'ya'ya mata. Ta ba ka sirrinta a wurin da take ganin daga ita sai kai, sai ta ga ashe akwai 'yan kallo. Ba ta iya ce maka "Baba ka kunyata ni" ba, sai na'ura ta zo ta faɗa a madadinta.

Kai ma kana da taka gaskiyar. An canza abin da ya haɗa ku ba tare da an tuntuɓe ka ba, kuma zama kana kallon sunanta yana haske abu ne mai ciwo. Sai dai ka sassauta wa Injiniya. Wanda ke son yanke ka ba zai nemi aiko maka da abin da zai mayar da kai cikin falonsa duk Juma'a ba. Kuma ka tambayi kanka, wa ya gaya masa cewa wasanku ya tsaya? Akwai wanda Juma'ar nan ke damu a gidan can, har ya kai maigidan ya ɗaga waya ya kira tsohon mijin matarsa. Ka kira shi ka ba shi haƙuri kan maganar ɗan kwangila. Karɓar kyautarsa ko ƙin karɓa, wannan ya rage naka, kuma ba shi ne maganin ba.

Kar ka sayar da na'urarka, kar ka kira Nirmin da faɗa, kuma kar ka kuskura ka tare yarinyar da bayanin Ramzi kamar ɗan sanda ya kama ɓarawo. In ka ci ta a wannan ma, ka yi asara. Ka fara goge hoton nan yau, da duk abin da abokanka suka rubuta a ƙarƙashinsa. Sannan ka gaya mata da bakinka cewa ka goge, cewa ka yi kuskure, ba tare da ka haɗa da "ai wasa ne" ba. Maganar zubin tsohuwa kuwa ka bar mata. Ta san inda yake. Ranar da ta sauke shi, ka san ta yafe.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi wuya. Jumana tana girma. Ko ta dawo wasan, wata Juma'ar za ta ce tana da jarrabawa, wata ta ce ƙawaye, wata rana kuma gem ɗin gaba ɗaya zai fita ranta. In da shi kaɗai kuka iya magana, ranar da ta ajiye shi ta ajiye ka. Ku masu aski ba kwa buɗe shago ran Litinin. To ka kira ta Litinin ɗin nan, ba na'ura ba ƙwallo. Kar ka tambaye ta karatu, kar ka tambaye ta abinci. Ka ba ta labarin shago irin wanda kake ba baƙin da ba su haɗa komai da kai ba. In ta ce, "Baba, lafiya? Me ya faru?" ka ce mata babu abin da ya faru, kewarta kake yi. Za ka ji nauyin faɗa, amma ka faɗa.

Allah ya raya maka ita, ya sanyaya zuciyarka, ya nuna maka ranar da za ta fara kiranka da kanta.

Abla Surayya