Idon Direba

Litinin, 1 ga Yuli

Mun bar Liyej ta Beljiyom bayan sallar asuba, ni da Alhaji Haddu kawai. Karo na farko cikin shekara talatin da takwas da za mu gida Maroko babu yaro a baya yana tambayar ko mun kusa. Motar da ya saya bayan ya ajiye aikin tuƙin bas tana da gado, da murhu, da firji, da banɗakin da in ka shiga sai dai ka fito da baya. Ni Akwati nake ce mata, shi kuma yana jin haushi. Ya ce duk shekarun nan a guje muke ratsa Faransa da Sifaniya kamar mun yi sata, ba abin da muka sani sai gidajen mai. Bana a hankali za mu bi. Jirgin ruwanmu daga Almeriya zuwa Nador sai sha uku ga wata.

Ikram, autarmu, ta zo sallama da kayan aiki a jikinta. Ita ma bas take ja yanzu. Ta ce, "Baba, bari in ɗauki hutu in kai ku mana." Ya ce, "Ni da na koya miki riƙe sitiyari?" Ta kalle ni, na kalli tukunya.

Talata, 2 ga Yuli

Ashe masu irin wannan mota gaisawa suke yi a hanya. In kun yi kiciɓis, direba ya ɗaga hannu daga kan sitiyari, kai ma ka ɗaga. Ba ruwansu da ko kai wane ne. Alhaji kamar an ba shi sarauta. "Kin gani, Darifa? Shekara arba'in ina ƙasar Turawa, sai yau suke riga ni gaisuwa." Har gyara hula yake yi.

Na dafa shayi mota na tsaye, ya zube duk da haka. Wurin a karkace yake.

Laraba, 3 ga Yuli

Yau ya ɗaga wa motar kifi hannu. Fara ce, doguwa, da hoton kifi ƙato a jikinta. Na yi dariya har da hawaye, na ce ka yi sabon dangi. Bai yi dariya ba. Can kuma wasu 'yan Holan suka wuce da Akwati irin tamu sak, mata da miji duk sun ɗaga hannu, shi ko gezau.

Na fara ƙirgawa a zuciyata, ban san dalili ba. Kafin Narbon mun gamu da goma sha ɗaya. Uku ya gaisar, su ma sai da suka zo dab da mu. Ya gaisar da motar burodi ɗaya da ta asibiti ɗaya.

 

Alhamis, 4 ga Yuli

Mun shiga Sifaniya. Zafi kamar bakin tanda.

"Karanta mini allon can, rana ta haske mini ido." Tun Faransa yake faɗin haka, ni kuma ina ta jin daɗi, wai karatun yamma da na yi a Liyej, wanda ya shekara yana yi wa dariya, ya yi rana. Wawta dai. Yau rana a bayanmu take.

Da muka tsaya na riƙe cokali daga bakin ƙofa, shi yana kujerar gaba, na ce mene ne wannan a hannuna. Ya ce, "Ke dai ba kya rabo da shirme." Na sake tambaya. Sannan ya ce tsakiyar abu ne ba ya fita sosai, kamar an dangwala mai a gilashi, amma gefe lafiya lau. Tun yaushe? Tun sanyin da ya wuce. Likita fa? In likitan Beljiyom ya ji, lasisi ya tafi ke nan.

"Ki bari mu tsallaka, Darifa. In shiga garinmu da motar nan da hannuna, su Amar su gani, sannan a kai ni duk likitan da kike so. Kar yara su ji." Amar ƙanensa ne, tun suna yara suke gasa. Ya ce hanya tana hannunsa, shekara talatin yana tuƙi ko kaza bai taka ba. Ni ce zan zama idonsa, kwana tara kacal.

Na ce to. Me zan ce? Ban iya mota ba, ban iya Sifaniyanci ba, ko inda muke sai na duba allo.

Juma'a, 5 ga Yuli

Hagu. Dama. Fita ta biyu a shataletale. Akwai babbar mota a gaba, rage. Ja ce, ja ce, tsaya. Daga safe har azahar. Muryata ta dushe, wuyana ya sage. An ce mun wuce teku da gonakin inabi. Ni fararen layukan titi na gani.

Har gaisuwar ma ni ke cewa "ɗaga", ya ɗaga.

Ikram ta kira. Na ce lafiya lau, ubanki sai ƙiba yake yi.

Asabar, 6 ga Yuli

Mun kwana a filin da irin motocinmu ke tsayawa, bayan Tarragona, inda ake ɗiban ruwa a zubar da na wanke-wanke. Kusa da mu wata tsohuwar Bafaranshiya, Madam Odil, ita kaɗai da wani kare mai kama da tsumman goge ƙasa. Mijinta ya rasu shekara shida, ta koyi tuƙi tana da sittin da huɗu. Na ba ta msemen, wainar fulawa irin ta gida, da zuma, ta ba ni tumatir.

Tana zaune tana kallo Alhaji ya zo sa tiyo a bakin tankin ruwa. Sau uku yana kuskurewa, sai da ya laluba da yatsa. Da ya shiga ciki ta ce, "Ƙawata, mijin nan naki da hannu yake gani." Na ce gajiya ce. Ta ce, "Nawa ma gajiya ce, har ranar da ya hau kan shingen makaranta. Allah ya taimaka ranar hutu ce." Ta ci gaba da cin msemen ɗinta kamar ba ita ta yi maganar ba.

Na ji haushinta ƙwarai. Mutum ya ci abincinka kuma ya gaya maka gaskiya.

Lahadi, 7 ga Yuli

Sai na rubuta wannan.

Ya ce mu bar babban titi mu bi ta duwatsu, wai motoci sun fi ƙaranci. Ban san ran Lahadi mutanen nan kekuna suke hawa ba, garke-garke, tsofaffi da matsattsun kaya. Na yi ta faɗa, yana kaucewa. Wajen ƙarfe sha ɗaya kwalbar ruwa ta faɗo ta gangara ƙarƙashin ƙafata. Na sunkuya in ɗauka. Iyakar abin da na yi ke nan, na sunkuya.

Da na ɗago wani mai keke yana gaban gilashi. Na yi ihu, Alhaji ya murɗe, madubin gefe ya daki kafaɗarsa, ya tafi cikin kwata shi da keken.

Ya tashi. Alhamdulillahi ya tashi. Dattijo ne, furfura fal, gwiwarsa da gwiwar hannunsa duk jini. Ya zo taga yana faɗa da yarensu, yana nuna idonsa da yatsu biyu yana nuna titi. Wannan kam ba sai an fassara ba. Na fita da ruwa da auduga, ya ƙi, daga baya ya karɓa. Abokansa suka duba keken, suka duba mu, tsofaffi biyu a tsaye kamar kajin da ruwa ya daka. Ɗaya ya ɗaga kafaɗa, suka hau suka tafi.

Muka gangaro wani ƙaramin gari mai gonakin zaitun, muka tsaya a filin bayan kasuwa. Alhaji ya kashe mota ya ce, "Ina kika kai idonki?"

Ni. Ina na kai idona.

Litinin, 8 ga Yuli

Da safe ya naɗe wayar wuta, ya rufe gas, ya zauna ya tayar da mota. Na zauna a wurina. Ya ce, "To, ta ina?" Na buɗe baki, wallahi da niyyar faɗa na buɗe, sai na ga gwiwar mutumin jiya. Maganar ta ƙi fita.

"Darifa, ta ina?"

Na ce ban gani ba.

Ya ce kar in maida shi abin wasa. Na ce ni ma tsakiyar abu ba ya fita mini yau. Ya ja motar da kansa har bakin filin, inda hanya ta rabu biyu, ya tsaya. Wata mota ta yi masa oda a baya. Ya daɗe a nan, injin na kaɗawa, ina jin numfashinsa. Sannan ya dawo da baya a hankali, ya tsaya a inda muka tashi.

Ba dabara na yi ba. Da dabara ce da na ji ƙarfi. Tsoron abin jiya ne kawai ya fi tsoronsa da nake ji.

Talata, 9 ga Yuli

Ba ya yi mini magana. A ɗakin da bai fi tabarma uku ba, sai mun goga kafaɗa kafin wani ya wuce, amma wai gaba muke yi. Na ajiye masa abinci, ya ci, ya ture kwanon.

Zafi digiri arba'in da ɗaya. Ƙwarin nan na kan bishiya suna ta ƙara kamar injin niƙa. Ruwan tanki ya kusa ƙarewa. Mai kantin burodi ta riga ta san ni, ina nunawa da yatsa tana sa mini.

Wayar tana hannuna sau nawa. In na kira Ikram na tona masa asiri a gaban 'yarsa, ba zai taɓa yafe mini ba. In ban kira ba jirgi ya tafi ya bar mu, ko kuma in gaji in ce masa hagu. Na san halina, gobe ko jibi zan iya cewa hagu. Ya Allah.

Laraba, 10 ga Yuli

Bayan la'asar ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Da ya mutu fa?" Na ce bai mutu ba. Ya ce, "Ban gan shi ba sam, Darifa. Ko inuwarsa. Ihunki kawai na ji."

Ya ciro wayarsa, ya kai ta kusa da hanci, ya matsar, ya karkata kai yana leƙen ta ta gefen ido kamar zakara. Na bar shi. Da wuya na bar shi, amma na bar shi. Can ya miƙo mini.

"Danna mini lambar yarinyar nan."

Na danna, na ba shi, na fita na zauna a gindin zaitun don kar in ji. Duk da haka na ji farkon. "Ikram, kina da sauran hutu?" Muryarsa kamar ta mai neman alfarma a ofis. Na yi kuka, ba na ɓoyewa. Shekara talatin da takwas ban taɓa jin ya roƙi kowa ba, kuma ni na kai shi.

Alhamis, 11 ga Yuli

Jira.

Juma'a, 12 ga Yuli

Ta iso da azahar, jirgin sama zuwa Balensiya, sannan bas biyu. Ta sumbaci kan ubanta. Ni ta ja gefe. "Mama, kwana nawa kina karanta masa titi?" Na ce kaɗan. Ta ce, "Ku biyun nan sai a ɗaure ku da igiya ɗaya."

Ta gyara kujerar direba, ta matso da ita gaba. Ƙarar kujerar nan, na ga yadda ta shige shi. Na tashi in ba shi wurina na gaba, ya ce a'a, ya koma teburin baya ya ɗaura bel. Daga can yake ta ba da umarni: kin cika taka burki, ki ba ta mai a hawa. Ita kuma, "To, Baba. To, Baba," tana yin abin da ta ga dama.

Na yi barci daga Alikante har Mursiya, baki buɗe, in ji Ikram.

Asabar, 13 ga Yuli

Tashar jirgin Almeriya. Layin motoci har inda ido ya tsaya, kowace da kaya a sama an lulluɓe da shuɗin tamfol, yara na gudu tsakani, kowa na yaren gida. Sai ƙarfe huɗu za mu shiga.

Alhaji ya ce in mun kusa gari a ba shi ya ja, daga gidan man ƙarshe kilomita biyu ne kawai, miƙaƙƙiyar hanya, ya san ta kamar tafin hannunsa. Ikram tana kallon gaba. Da ni yake, ba da ita ba. Na ce Amar zai ga 'yarka ta shigo da kai, in yana da 'yar da za ta iya haka ya fito da ita. Ban san daga ina maganar ta fito ba. 

Na riga na sa Ikram ta nemo lambar likitan ido a Nador, ranar Talata za mu je. Ban tambaye shi ba tukuna. Gaya masa zan yi.

Da ta kashe mota za ta je neman ruwan sanyi, ya miƙo hannu daga baya yadda ya saba, a ba shi makulli. Ita ba ta ma lura ba, ni ta miƙa wa. Na ga hannun nasa a buɗe. Na sa makullin a jakata na ja zif. Ya ji ƙarar, ya mayar da hannun kan gwiwarsa.

Don jakata ce mai zif, shi ya sa. Aljihunsa a yage yake.