Hannun Wanzami da Aka Ɗaure a Miƙe

Zuwa ga Likita Bature, wanda ya yi mini aiki a gwiwar hannu.

Gaisuwa da girmamawa, ranka ya daɗe. Ni ne Mamman Wanzami na Kontagora. Ba za ka tuna ni ba, don ko sau ɗaya ba ka dubi fuskata ba.

Na farko. Bayan girbin bana aka ɗebe mu aikin hanya wajen Ibeto, kowace unguwa ta ba da mutum. Rana ta shida gaɓar rami ta zabtare da ni, gwiwar hannuna na dama ta farfashe. Na roƙi a kai ni wurin wani Bakambare maɗori a Salka, wanda ya ɗora ƙafar ubana. Helma, shugaban leburori, ya ce wanda ya ji ciwo a aikin hukuma asibiti za shi.

Na biyu. Ka yanka, ka cire gutsattsarin ƙashi, ka ce ta bakin tafinta gaɓar ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba. Wannan na yarda ƙaddara ce. Amma daga baya malamin asibiti ya gaya mini kai ke zaɓar yadda hannu zai ƙage: a lanƙwashe ga mai aikin hannu, a miƙe ga mai ɗaukar kaya. Ka duba takarda, ka ga an rubuta lebura, ka ɗaure nawa a miƙe.

Kwana shida na yi ina lebura, ranka ya daɗe. Aska kuwa tun ban yi gemu ba nake riƙe da ita, gadonmu ce. Zabirata tana rataye a gefen gadon da ka tsaya. Tambaya ɗaya ta isa, tafinta kuma yana bayanka.

Na uku. Yanzu hannun yana reto kamar taɓarya. Ba ya kaiwa kan mutum sai na tsaya nesa, kuma wa zai miƙa wa aska wuyansa a haka? Gidajen da nake yi wa aski, waɗanda ubana ya bar mini, sun koma wurin wani wanzami. Hannun ba ya kaiwa bakina ma. Ni da nake cin tuwo a zaure da maƙwabta, yau sai na shige ɗaki na kai loma da hagu. Wallahi wannan ya fi rashin sana'ar ci mini rai.

Roƙona guda ne. An ce kafin ƙashi ya gama haɗewa ana iya sake buɗewa a lanƙwasa. Ka yi, ko ka tura ni inda za a yi, kafin damina ta rufe hanya. Zafin wuƙa ba baƙona ba ne. Majinyaci na gaba kuma, ka tambaye shi da me yake ci.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya bar maka hannunka na dama, kada ya haɗa ka da mai yanke maka hukunci bai tambaye ka ba.

Wassalam.
Mamman Wanzami, Kontagora.