Tawadar da Inna Take Nema

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Gaisuwa mai tarin yawa irin ta 'ya da mahaifinta, tare da fatan Allah ya haskaka makwancinka. Na san wasiƙa ba ta isa inda kake. A shafina na intanet zan sa ta, mai karantawa ya karanta, amma da kai nake magana, don babu wanda zai gane zancen tawadar nan kamar kai.

Baba, idon Inna yana tafiya.

Tun bayan rasuwarka take cewa gari yana saurin yin duhu. Muka kai ta asibiti Kano, likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a yi ta ɗiga magani ko a riƙe sauran. Ka san halin matarka. Ta ce idonta ƙalau, kayan zamani ne suka lalace.

Ka tuna addu'o'in da ka rubuta mata da ajami, da manyan baƙaƙe, waɗanda take bi bayan sallar asuba? Daminar bana rufin ɗakinta ya yi yoyo daidai kan kwallar da take ajiye su. Tawadarka kuwa ba ta jure ruwa. Da muka buɗe, ko harafi ɗaya bai tsira ba, sai dabbaren shuɗi a jikin takarda. Ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka fita da kai. Ta haddace su tsaf, amma ta ce ita da ido ta saba bi, kuma da ido take son ta ci gaba.

Sai na ɗauko alƙalaminka mai shan tawada, wanda kake sawa a aljihu tun kana malamin gona a Tiga. Na ce ta riƙa faɗa ina rubutawa. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne.

Irin tawadar da kake saya ta ɓace a kasuwa. A wani shagon littattafai a Tudun Wada na samo kwalba guda ta baƙa, mai shagon ma ya manta yana da ita. Sauran kwalaben kuwa, direban motar garinmu ne ya riƙa sayo mini daga Kano, masu araha, 'yan Sin da 'yan Indiya, don su ne daidai ƙarfin malamar firamare. Baƙar idan ta bushe sai ta koma ruwan toka. Wata shuɗiya kamar ruwan bula. Wata kuma tana taɓa takarda take nashewa, harafi ya kumbura ya shige na kusa da shi. Duk wadda na miƙa wa Inna, sai ta kai ta dab da fuska, ta juya ta wajen haske, ta ce, “Wannan ruwa ce, ba ta Malam ba ce.”

Nan na tuna kai ma haɗawa kake yi. Ina ganinka a gindin mangwaron gidanmu na Ƙofa, ka zuba shuɗiya a murfin kwalba, ka ɗiga baƙa, kana juyawa da tsinken tsintsiya. Kana cewa, “Uwata, baƙa zalla ta makoki ce, shuɗiya zalla ta 'yan makaranta, mu ta tsakiya muke so.” Ka ce launin da kake nema shi ne na ruwan dam ɗin Tiga da yamma, daidai inda tsohon garinku yake kwance a ƙarƙashin ruwa. Awon ne ba ka taɓa gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba.

Na sayi sirinji a kemis na shiga gwaji. Akwai ranar da na haɗa ta Sin da ta Indiya na bari ta kwana, da safe na tarar ta yi gudaji kamar nonon da ya tsinke. Yatsuna sun rine har malaman makarantarmu suna tambaya ko na koma marina ne. Ina yi musu dariya, amma wallahi tsoro ne fal cikina, don kullum takardar ƙara matsowa take yi kusa da fuskar Inna.

Ana cikin haka ƙanwarka Gwaggo Hanne ta zo daga Doguwa duba ta. Ta ga kwalabe jere a kan taga, ta ce ɓata lokaci nake yi, tawadar gaskiya baƙin tukunya ne da ƙaro, irin wadda ake rubuta allo da ita. Ina makaranta ta kankare gindin tukunya, ta jiƙa ƙaro, ta dama, ta ɗura wa alƙalaminka har wuya. Kafin in dawo ƙaron ya daskare a ciki. Ba da mugunta ta yi ba, ita a wurinta alƙalami duk alƙalami ne, na kara ko na ƙarfe. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na haƙura, ƙanwarka ce. Na yi kwanaki ina jiƙa shi a ruwan ɗumi. Ya dawo yana rubutu, sai dai yana tsallake, sai na bi harafi sau biyu kafin ya cika. Kwanakin nan da na rasa su suka fi ci mini rai.

Ranar Juma'ar da ta wuce na dace. Ina ɗiga sabon haɗin a takarda na gane ita ce, Baba, taka ce sak. Na rubuta addu'ar farko da baƙaƙe manya fiye da naka, na kai mata tsakar gida bayan la'asar, rana tana nan da ƙarfinta.

Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallo. Ta ce, “Yauwa, Uwata, wannan ita ce ta Malam.” Ta ɗora yatsa ta fara bi, leɓenta yana motsi, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

Bayan takardar take bi, Baba, inda babu komai. Rubutun ni yake kallo.

Ban juya mata ba. Na tsaya har ta kai ƙarshe ta shafa. Sannan ta ce in je in wanke hannuna, na wahala haka nan, kada in ƙara sayen wata kwalba.

Ban sani ba ko ta san na gani. Na zuba haɗin a kwalba na rufe, sauran addu'o'in ma zan rubuta mata duka, tunda ta ce ta Malam ce.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka kabari, ya sa ka a inuwar da babu rana. Allah ya riƙe wa Inna ɗan hasken da ya rage, idan kuma ya ƙare, ya ba ta haƙuri, ni kuma ya ba ni ƙarfin zama idonta. Amin.

'Yarka mai kewarka,
wadda kake kira Uwata.