Godiyar da Ba Mu Kai Ba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya maigida da yara, ya zaman Legas? Inna na gaishe ki.

Ruwan magudanar unguwarmu ya sake kada katangar gidanmu. Mu mata goma sha biyu munka dangwala hannu a takardar koke, munka kai wa ɗan majalisarmu. Ya karɓa, ya ce, "Iyayena, ku tsaya a yi hoto."

Washegari anka nuna mani hoton a waya, an rubuta wai godiya munka zo yi mai. Har murmushi nike a ciki, Yaya. Ga damina da saura, kuma ban san wurin wanda za mu sake zuwa ba.

Ki sa mu a addu'a. A gaishe da Malam.

Ƙanwarki,
Balki