Na Yi Maka Ƙarya a Gindin Dalbejiya, Janar

Zuwa ga kakana, Janar na Tudun Wada.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta soja, ƙafa a haɗe, hannu a goshi, ina sanar da kai amaryarmu tana nan lafiya. Tun da ka rasu ka bar mini ita, ko ƙosai ba ta saya mini ba. Wai ni ba miji ba ne, ɓarawon ƙanzo ne.

Na san dai ba kai ne Janar ɗin ba, direbansa ne kai a yaƙin basasa. Amma ai kai ka ce shi yana baya da taswira, kai kana riƙe da sitiyari, to wa ke jan yaƙin? Ka shiga soja kurtu, ka fito kofur da harsashi a cinya, unguwa ta ƙara maka girman da aka manta ba a ba ka ba.

Labarin Janar ɗin da ka fi so shi ne ranar da ya hana a taɓa fursunoni, ya ce a ba su ruwa tukuna. Wani siririn saurayi a cikinsu kai ka miƙa masa gorarka. Shi ne Baba Emeka mai kayan gyaran mota, wanda kuka tsufa tare kuna dara kullum la'asar a gindin dalbejiya, kuna ƙarasa yaƙin da tsinke da tsakuwa.

To, tun bayan sadakar bakwai ɗinka bai sake fitowa ba. Abinci ma sai an matsa. 'Ya'yansa suka zo za su mai da shi gabas, ya ce to, ba abin da ya rage masa a Zariya.

Janar, ka yafe mini. Kakinka na zura, wandon har ƙirji, na yi maci zuwa ƙofarsa yara na bi na da ihu. Na sara masa, na ce ka bar wasiyya cewa bai taɓa cin ka ba sai da maguɗi.

Da ka ga tsoho! Ko takalmi bai tsaya sawa ba. Da sandarsa ya tona gidajen dara a gindin dalbejiya, yana zaginka da Hausa yana ƙarasawa da Ibo. Ya ci ni har aka kira magariba. Sai ya yi dariya, ya share ido, ya ce kai ma haka kake zama, ƙafa ɗaya a miƙe.

Jiya motar 'ya'yansa ta tafi ba shi. Ya ce ba inda za shi sai ya koya wa wannan kurtun dara.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya shayar da kai kamar yadda ka shayar. Ƙaryar kuwa ni na yi ta, kada a tambaye ka.

Naka jikan, kuma kishiyarka a wurin amarya,
Kurtu Sabo